Kasuwanci, adabi da yawon kallon namun daji a Kenya: yadda za a haɗa su a kundin bincike ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi digiri na farko a fannin kasuwanci, kuma ina da sha'awar adabi. Yanzu na samu gurbin digiri na biyu, ina so in yi bincike a kan yawon buɗe ido na kallon namun daji a ƙasar Kenya, in haɗa shi da kasuwanci da adabi. Malamin da zai duba aikina ya ce batun ya yi faɗi. Ta ina zan fara, kuma me zan tarar a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Malaminki yana da gaskiya, kuma gara da ya faɗa miki tun yanzu. Kundin da aka fi mayar wa ɗalibi a irin wannan batu shi ne mai babi a kan littattafai, babi a kan kuɗi, babi a kan dabbobi, kowanne yana tafiyarsa, babu abin da ya haɗa su sai bango. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Abin da kike bukata shi ne tambaya ɗaya wadda ba za ta amsu ba sai an ratsa fannonin uku, kuma a Kenya akwai ta. Kamfanin safari, wato mai shirya tafiyar kallon namun daji, ba shi da ikon yi wa baƙo alkawarin zaki, saboda haka abin da yake sayar masa tun yana ƙasarsa labari ne, labarin kuwa littattafai da fina-finai ne suka gina shi. Labarin yana sa wa baƙo tsammani, tsammanin yana tura direba, direba yana matsa wa dabba, kuɗin da baƙon ya biya kuma yana rarrabuwa zuwa aljihu daban-daban. Wannan sarƙar ita ce aikinki. Kowane babi ya ɗauki gaɓa ɗaya ya miƙa wa na gaba.

Kafin ki buɗe littafi ko ɗaya, ki rage filin. Kada ki ce Kenya, ki ambaci wuri ɗaya. Shawarata ita ce yankin Maasai Mara da ke kudu maso yammacin ƙasar, a kan iyaka da Serengeti ta Tanzaniya, domin a nan ne tsarin kasuwanci iri biyu suke maƙwabtaka da juna, dabbobinsu ɗaya, ruwan samansu ɗaya. Akwai babban gandun mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,500. Ɗalibai da yawa suna ɗauka hukumar kula da namun daji ta ƙasa, wato KWS, ce take riƙe da shi, sai su rubuta mata wasiƙa su zauna jira. Gandun yana hannun gwamnatin gundumar Narok ne, ɓangarensa na yamma kuma, wanda ake kira Mara Triangle, ƙungiyar Mara Conservancy ce take gudanar da shi tun 2001. A gefen gandun akwai filayen da Maasai, al'ummar makiyaya ta yankin, suka mallaka, suka haɗa su wuri ɗaya suka ba masu masaukai haya, irin su Mara North, Olare Motorogi da Naboisho, wadda aka kafa a 2010 da masu filaye wajen 500. A babban gandu kuɗin ƙofa ake karɓa: tun 2024 baƙo baligi daga ƙasar waje yana biyan dala 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. A gandayen haya kuwa mai fili yana karɓar kuɗinsa wata-wata, an kuma ƙayyade yawan gadaje da yawan motocin da za su tsaya a kan dabba ɗaya. Kin ga kin samu abubuwa biyu da za ki kwatanta ba tare da kin ƙirƙiro su ba.

Littattafan da suka gina hoton safari ba su da yawa, za ki iya karance su cikin wata biyu. J. H. Patterson ya fitar da The Man-Eaters of Tsavo a 1907, labarin zakuna biyu da suka addabi masu shimfiɗa layin dogo a 1898. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi farauta a Gabashin Afirka daga 1909 zuwa 1910, ya rubuta African Game Trails. Ernest Hemingway ya biyo baya da Green Hills of Africa a 1935. Karen Blixen, 'yar Danmak da ta yi noman gahawa a gindin tsaunukan Ngong har zuwa 1931, ta fitar da Out of Africa a 1937. Sai Joy Adamson da Born Free a 1960, labarin zakanyar da ta rena mai suna Elsa, wanda ya juya zukatan masu karatu daga harbin dabba zuwa ƙaunarta. Kenya ta haramta farautar nishaɗi a 1977, kyamara ta maye gurbin bindiga, amma lissafin maharba bai mutu ba. Har yau baƙo yana zuwa ne da jerin manyan dabbobi biyar, zaki, giwa, ɓauna, damisa da karkanda, waɗanda maharba suka ware saboda su ne suka fi haɗarin farauta a ƙafa. Ki riƙe wannan jeri, zai dawo a babin dabbobi.

Shaidar cewa waɗannan rubuce-rubuce sun zama jari tana rubuce a allunan masaukai. Akwai Karen Blixen Camp a Mara North, akwai Finch Hattons a Tsavo ta Yamma, da sunan maharbin da ke cikin littafin Blixen, akwai Elsa's Kopje a gandun Meru, akwai otal-otal masu sunan Hemingways. Fim ɗin Out of Africa ya fito a 1985, a 1986 aka buɗe gidan Blixen da ke unguwar Karen ta Nairobi a matsayin gidan tarihi.

Karanta littattafan nan don bincike ya bambanta da karanta su don nishaɗi. Ki riƙa tambayar kowane shafi: wa ke cikin hoton, wa aka ambata da sunansa, wa aka bar shi ya yi magana da bakinsa, wa aka siffanta shi tare da tsirrai da dabbobi? Abin da zai fi ɗaukar hankalinki shi ne yadda ake zana daji kamar babu kowa a cikinsa, alhali yarjejeniyoyin 1904 da 1911 ne suka kwashe Maasai daga manyan makiyayansu na Naibasha da Laikipia aka tattara su a kudu. Dole ki sa martanin marubutan Kenya a kan teburi ɗaya da waɗancan. Ngugi wa Thiong'o ya soki yadda Blixen take kwatanta ma'aikatanta da dabbobi, a cikin Moving the Centre na 1993. Binyavanga Wainaina ya rubuta How to Write About Africa a mujallar Granta a 2005, inda ya tona dabarun irin wannan rubutu ɗaya bayan ɗaya. Naomi Kipury ta tattara adabin bakan Maasai a littafinta na 1983, a can za ki ga zaki da kura ta idon makiyayin da yake kwana da shanu kusa da su. A ɓangaren ra'i, ki ɗauki ɗaya kawai. Imperial Eyes na Mary Louise Pratt, na 1992, ya fi dacewa idan nauyin aikinki yana kan littattafan matafiya. The Tourist Gaze na John Urry, na 1990, ya fi dacewa idan yana kan baƙi. Jera ra'i huɗu a babi na biyu, a manta da su a babi na huɗu, shi ne abin da mai jarrabawa na waje yake fara kamawa.

Daga nan sai ki tattara rubutun kasuwa. Ki samo jerin masaukan yankin da na kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu shirya safari ta Kenya, KATO, ki zaɓi 40 zuwa 60 ta hanyar ƙuri'a, rabi masu aiki a babban gandu, rabi a gandayen haya. Kada ki ɗauki waɗanda suka fara fitowa a Google, domin waɗannan su ne masu kuɗin talla. Ki adana kowane shafi da kwanan watansa, saboda ana sauya su ba sanarwa. Rumbun Wayback Machine zai nuna miki yadda shafin yake shekarun baya. Sai ki tsara jigogi goma zuwa goma sha biyar, kowanne da ma'anarsa a rubuce da misalin abin da ya shiga da abin da bai shiga ba: daji marar mutane, kewar zamanin da, manyan dabbobi biyar, Maasai a matsayin ado, Maasai a matsayin masu fili, da makamantansu. Ki ba wani mutum kashi ɗaya cikin biyar na rubutun ya yi masa alama shi kaɗai, ki auna daidaituwarku da ma'aunin kappa na Cohen. Idan ya faɗi ƙasa da 0.6, ma'anonin jigoginki ne ba su fito ba, ki gyara ki sake.

A nan akwai rami. Kama da ke tsakanin jimlar talla da jimlar Blixen ba ta tabbatar da cewa daga wurinta aka ɗauko ba. Sai kin tambayi mutane iri biyu. Na farko masu rubuta tallan, waɗanda sau da yawa ba a daji suke ba, suna Nairobi, Landan ko Kef Tawun. Hira da takwas zuwa goma sha biyu ta waya ta wadatar. Na biyu baƙin kansu, kuma yadda za ki jera tambayoyin shi ne komai. Idan kika fara da "kin karanta littafi kaza?" za a ce miki e don gudun kunya. Ki fara da tambaya a buɗe: wane littafi, fim ko shiri ne ya fara sa miki son zuwa nan? Bayan an amsa ne za ki kawo jerin sunaye, ki raba "na karanta" da "na kalla" da "na ji sunansa", ki kuma saka sunan littafi ɗaya da babu shi a duniya. Wanda ya ce ya karanta shi, kin san yadda za ki auna sauran amsoshinsa. Ki shirya wa yiwuwar cewa mafi yawan baƙi ba su karanta ko ɗaya ba, fina-finan namun daji na talabijin, The Lion King na 1994 da hotunan Instagram ne suka kawo su. Wannan sakamako ne mai daraja, domin yana nuna cewa hoton ya rayu bayan an daina karanta littafin, kuma aikinki shi ne ki nuna hanyar da ya bi.

Game da adadi, mutum 385 ne ake bukata idan ana son tabbacin kashi 95 cikin ɗari da kuskuren da bai wuce kashi biyar ba. Amma lissafin yana ɗauka cewa kowane mai amsa zaman kansa yake, mutum shida da suka yini a mota ɗaya kuwa abu ɗaya suka gani. Ki ɗauki mutum ɗaya daga kowace tawaga. Wurin tsayawa ma yana sauya sakamako. Wanda ya tsaya a filin jirgin Wilson na Nairobi ko ƙananan filayen Keekorok da Ol Kiombo masu hali kawai zai gani. Masu zuwa a mota ta garin Narok, tafiyar awa biyar zuwa shida daga Nairobi, suna shiga ta ƙofofin Sekenani da Talek, a cikinsu akwai 'yan Kenya da ɗalibai, waɗanda bincike ya daɗe yana mantawa da su. Ki raba kwanakinki tsakanin wuraren. Takardar tambayoyi kada ta wuce ta minti goma, ki gwada ta a kan mutum 20 zuwa 30 tukuna. Mafi kyau shi ne ki samu mutum sau biyu, ranar isowa da ranar tafiya, domin tsammanin da aka tambaya bayan an ga zaki ya riga ya gurɓata.

Babin kuɗi shi ne mafi wuya, a nan ne kuma karatunki na farko zai yi miki rana. Hanyar da ta dace ita ce bin kuɗin baƙo gaɓa-gaɓa, irin wadda Jonathan Mitchell da Caroline Ashley suka bayyana a littafinsu na 2010 a kan yawon buɗe ido da rage talauci. Ki ɗauki tafiya ɗaya, ta kwana uku misali, ki yanka farashinta: la'adar dillalin ƙasar waje, rabon kamfanin Nairobi da ya shirya tafiyar, jirgi ko mota, kuɗin ƙofa ko na gandun haya, sai abin da ya isa masauki. A cikin masaukin ki sake yankawa: albashi, abinci da inda aka sayo shi, man fetur, gyaran motoci, hayar fili, haraji, ciki har da harajin kashi biyu cikin ɗari da ake tura wa asusun yawon buɗe ido, ruwan bashi, da riba. A kowace gaɓa tambayoyi biyu ne: nawa ne, kuma a ina mai karɓa yake zaune? A ƙauyukan da ke kewaye, a Narok, a Nairobi, ko a wajen ƙasar?

Kuskuren da ya fi kashe wannan babi shi ne lissafi da farashin da aka rubuta a intanet. A ce masauki yana da gado 20, an rubuta dala 500 a kowane dare. Ɗalibi zai ninka 20 sau 30 sau 500, ya rubuta cewa masaukin yana samun dala 300,000 a wata. Idan rabin gadajen ne suka cika, dillali kuma ya karɓe su a kan dala 350, abin da ya shigo dala 105,000 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na waccan. Duk wani kaso da aka ɗora a kan lambar farko, kamar a ce masu fili kashi kaza kawai suke samu, ya rushe. Saboda haka lambobi biyu ne za ki nema ko ta halin ƙaƙa: yawan gadajen da aka kwana a kansu wata-wata, da matsakaicin abin da kowane dare ya kawo bayan an cire la'ada. Ki kuma tambaya ko kuɗin gandu yana cikin farashin ko daban ake biyansa, don kada ki ƙirga shi sau biyu.

Babu manajan da zai buɗe miki littafin asusunsa ranar farko, kuma bai yi laifi ba. Ki nemi kaso maimakon adadi: daga kowace shilin ɗari da kuke kashewa, nawa ke tafiya albashi? Ki ba shi zango ya zaɓa. Ki yi alkawari a rubuce cewa ba za ki buga lambar masauki ɗaya ita kaɗai ba, sai an haɗa aƙalla uku. Sannan ki gwada abin da ya faɗa da wasu majiyoyi: mai kawo kayan miya, direban tankar mai, rahoton shekara na gandun haya, ma'aikatan kansu. Masauki shida zuwa goma da suka ba ki lambobi na gaske sun fi hamsin da suka cike takarda da ka. Alƙaluman ƙasa kuwa suna cikin rahoton tattalin arziki da hukumar ƙididdiga ta Kenya, KNBS, take fitarwa duk shekara, da rahotannin cibiyar binciken yawon buɗe ido ta gwamnati. Ki lura, adadin masu shiga gandu adadin shiga ne: mutum ɗaya da ya zaga gandu uku an ƙirga shi sau uku.

Za ki ci karo da maganar yoyon kuɗi, wato kason da yake ficewa daga wurin. Kafin ki ari lambar kowa, ki duba daga me aka raba ta. Wanda ya haɗa da tikitin jirgi daga Turai zai samu yoyo mai yawa, wanda ya fara lissafi daga saukar baƙo a Nairobi zai samu kaɗan, kuma kuɗin da ya bar Mara ya tafi Nairobi yoyo ne ga ƙauye amma ba yoyo ba ne ga Kenya. Ki faɗi ma'anarki a fili, in da hali ki kawo lissafin ta fuska biyu. Wasu za su ba ki shawarar auna darajar gandu da kuɗin tafiyar baƙi, dabarar da ta samo asali daga wasiƙar Harold Hotelling ta 1947. Ban ba ki shawarar haka a digiri na biyu ba, domin baƙon da ya haɗa Mara da gandun Amboseli da bakin tekun Mombasa a tikiti ɗaya yana da wuyar rabawa. Ki kuma yi hattara da shekarun da za ki kwatanta. Kenya ta rufe zirga-zirgar jiragen ƙasa da ƙasa daga ƙarshen Maris zuwa 1 ga Agusta 2020, gandayen haya da dama suka rage kuɗin masu fili. Shekarun 2020 da 2021 ba na ɗaukar matsakaici ba ne, amma suna nuna wanda yake ɗaukar asara idan kasuwa ta faɗi, wannan kuwa tambaya ce ta kasuwanci tsantsa.

Kuɗin da ya isa ƙauye ma bai gama tafiya ba. Takardun fili yawanci da sunan maza suke, don haka haya tana shiga asusun mai gida. Mata sun fi samu daga sayar da kayan ado na duwatsu, wanda ba a ba shi fili ba kuwa ba shi da haya ko kaɗan, ga asarar kiwo da ta dabbobin da zaki ko kura suka kashe. Idan kika tambayi shugabannin kwamiti kawai, za ki dawo da labari mai daɗi wanda rabinsa ne gaskiya. Ki yi hira da mata daban, da matasa marasa fili daban.

A babin dabbobi ki san iyakarki. Ke ba masaniyar halittu ba ce, kada ki yi iƙirarin cewa motoci sun rage haihuwa. Wannan aikin wasu ne, kuma sun yi shi: binciken Femke Broekhuis na 2018 a Mara ya gano cewa uwar cita, dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace dabbar tudu gudu, tana raya ɗa 0.2 a matsakaici har ya kama gabansa a wuraren da baƙi suka yi yawa, amma 2.3 a wuraren da ba su da yawa. Abin da ke za ki iya aunawa shi ne halin mutane. A duk inda aka tsaya kallon dabba, ki rubuta irinta, lokaci, wurin a na'urar GPS, yawan motoci duk bayan minti biyar, tazarar motar da ta fi kusa da na'urar auna nisa, da ko an sauka daga hanya. Ki yi haka da safe da yamma, a babban gandu da gandun haya, da yawan sa'o'i daidai. Za ki ga yadda abin yake faruwa: direba ɗaya ya hango damisa a kan bishiya, ya ɗauki rediyo ya sanar da 'yan'uwansa da zaurancen Swahili don kada baƙinsa su gane, kafin a jima ƙura ta tashi daga kowace kusurwa, motoci sun yi wa bishiyar zobe, alhali garken raƙuman dawa na can gefe babu mai kallonsa. Daga nan ki zauna da direbobi 15 zuwa 20 ki tambaye su abin da baƙo yake fara nema da safe, da yadda tukwicinsu yake hawa ko sauka da abin da aka gani. A bakinsu ne jerin maharban nan zai haɗu da lissafin kuɗi. Ki tuna motarki ma tana cikin ƙirga.

Maganar izini ki fara ta wata shida kafin tafiya, domin kowace takarda tana jiran ta gabanta. Da farko amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arki. Sai wasiƙar jingina daga wata jami'a ko cibiya ta Kenya, wadda ake nema daga duk mai bincike ɗan ƙasar waje, sannan amincewar kwamitin ɗa'a na can. Da waɗannan za ki nemi lasisin hukumar kimiyya da fasaha ta ƙasa, NACOSTI, ta intanet. Tunda aikinki ya taɓa namun daji, ki tuntuɓi cibiyar bincike da horo kan namun daji, WRTI, da ke Naibasha, ita ce take ba da izinin wannan ɓangare. Bayan haka sai izinin gwamnatin Narok don babban gandu, da na shugabannin kowane gandun haya da za ki shiga. Shiga ƙasar a matsayin 'yar yawon buɗe ido ba ya halatta bincike, akwai takardar mai bincike ta hukumar shige da fice. Ki kai kwafin lasisinki ofishin kwamishinan gunduma kafin ki fara. Dokar kare bayanan mutane ta Kenya ta 2019 ta shafe ki, don haka sunaye da lambobin waya a ajiye su daban da amsoshi, a kulle.

Wurin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Idan kika rubuta "manajan wani masauki mai tanti goma sha biyu a arewacin gandu", kin faɗi sunansa ke nan. Ma'aikacin da kika yi hira da shi a ɗakin cin abinci, maigidansa yana wucewa, ba zai ce miki albashi bai isa ba. Ki same shi ranar hutunsa a garin Talek ko Aitong. Za ki bukaci tafinta mai jin Maa, wato harshen Maasai, da Swahili, amma ɗan yankin yana da dangi da ɓangare a rikicin fili, mutane kuma suna auna bakinsu a gabansa. Ki ɗauki mace don hirar mata, ki sa wani daban ya sake fassara wasu daga cikin faya-fayen don ki gane abin da aka tace. Idan masauki ya ba ki gado kyauta, ki rubuta haka a kundin, kuma kada ki bari ya zama shi kaɗai ne ƙofarki ga ma'aikata.

Ki je sau biyu, mako shida zuwa takwas kowane zuwa. Na farko tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da garkunan nyumbu, dabbar nan mai kama da gwanki, da jakunan dawa suke tsallako kogin Mara daga Serengeti, kasuwa tana kan ganiyarta. Na biyu a lokacin da baƙi suka ragu, amma ba tsakiyar manyan ruwan Afrilu da Mayu ba, domin baƙar lakar yankin tana riƙe mota, wasu masaukai suna rufewa, a farkon Mayun 2024 ma kogin Talek ya yi ambaliya ya cinye masaukai har aka kwashe baƙi. Yuni ko Nuwamba sun fi. Manajoji suna da lokacin zama da ke a zuwa na biyu, don haka ki bar hirar kuɗi sai lokacin. Abin da zai fi cin kasafinki shi ne hayar mota mai jan ƙafa huɗu da direba, sai kuɗin ƙofa; ki nemi rangwamen masu bincike a rubuce tun kina gida.

Ki yi rajista a sashen kasuwanci ko na yawon buɗe ido, tunda da ma'auninsu za a auna ki, amma ki roƙi malaminki ya nemo miki mai duba aiki na biyu daga sashen adabi tun kafin ki kare shawarar bincike. Idan lokaci ko kuɗi suka gaza, ƙirgar motoci ce za ki rage, ki dogara da aikin masana halittu da hirar direbobi. Babin kuɗi da na rubutun talla kada ki taɓa su. Idan kin kammala, lasisin NACOSTI yana wajabta miki miƙa musu kwafin rahoto. Ki ƙara da taƙaitawa mai shafi biyu da Swahili, wadda ba ta ɗauke da lambar masauki ko sunan kowa, ki aika wa kwamitocin masu fili da ƙungiyar direbobin da suka ba ki lokacinsu.